Wa Zai Shiga Ruwan Bibi Fatima?

Tun da hantsi Inna Gulbegim ta hana kowa sakat a gidan. Gobe za a tafi maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Bibi Fatima, kuma in Inna ta shirya tafiya, ko kyanwar gidan sai ta ji a jikinta. Ta baje kaya a kan dakalin ɗaki tana ɗaurewa tana kwancewa: gurasa goma, dafaffen ƙwai, busassun 'ya'yan itacen tut, da babban filas da za a cika da shayin madara mai gishiri.

Ɗanta Nekruz yana zaune a gindin ginshiƙi, kansa a ƙasa, wai yana gyaran igiyar takalmi. Direba ne, yana jigilar fasinja da tsohuwar motar jif tsakanin garin Ishkashim da ƙauyukan kwarin Wakhan. Matan da ya kai ruwan nan neman haihuwa ba sa ƙirguwa. Bai taɓa zaton layi zai zo kan matarsa Sitora ba.

Shekararsu shida da aure, ko ɓatan wata Sitora ba ta taɓa yi ba. Bara sun je asibiti a birnin Dushanbe aka yi musu gwaji. Likita ya ce lafiyarta ƙalau, matsalar daga wajen mijin take, kuma sai an daure da magani. A hanyar dawowa Nekruz ya kasa haɗa ido da ita, ita kuwa ta rantse masa ba wanda zai ji daga bakinta. Suka gaya wa Inna an ce a yi haƙuri. Takardar likitan tana nan naɗe a ƙarƙashin kujerar motarsa, kullum a kanta yake zama.

Gwaggo Oshurmo, yayar mahaifinsa, ta shigo tana dogara sanda. Ita za ta jagoranci tafiyar, da wasu maƙwabta biyu, domin ba a barin mai neman haihuwa ta shiga ɗan kogon da ruwan ke fitowa sai da rakiyar matan da suka haifa. Wato kafin la'asar ƙauye duk ya ji.

Gwaggo ta bi Sitora da kallo daga sama har ƙasa, ta ce ta cire zoben azurfarta tun yau kada ruwan ya baƙanta shi, in ta shiga kogon kuma ta sa hannun dama ta lalubo tsakuwa guda, ta yi addu'a da zuciya ɗaya.

"Da zuciya ɗaya fa na ce, amarya. Shekara shida muna ce miki amarya, har bakinmu ya gaji."

Sitora ta yi murmushi ta zuba mata shayi. Ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba.

Inna ba muguwa ba ce, a faɗi gaskiya. Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, tsoronta kada gidan ya mutu a kansa. Amma tsoro in ya yi wa mutum yawa bakinsa kan yi kaifi. Ba tare da ta kalli kowa ba ta ce in har aka sake tsinkar 'ya'yan itace baɗi shiru, za ta je ta zauna da mahaifin yarinyar a san abin yi, don ba za a tsufa ana jira ba.

Nekruz ya ji kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ya miƙe ya ce bari ya duba taya.

Tayar lafiyarta lau, shi ma ya sani. Yana tsugune a gefen motar yana tsanar kansa Sitora ta fito da tawul-tawul a hannu.

"Ina zan sa waɗannan?"

"Sitora, ki ce ba ki da lafiya. Ko ni in ce burki ya lalace."

"Ka ce burki ya lalace gobe, jibi kuma ka ce me?" Ta yi 'yar dariya. "Ruwa ne fa kawai. In shiga, in fito, fatata ta yi laushi, kai ka ci riba."

Ya ɗaga kai zai yi magana, sai ya ga idonta ya kumbura. Ya matsa mata da tambaya, tana kaucewa, har dai ta faɗa. Ashe jiya Inna ta buga wa mahaifiyar Sitora waya. Tsohuwar ta yi ta kuka tana ba Inna haƙuri, wai su yafe mata, da ta san 'yarta ba ta haihuwa da ba ta ba su ita ba.

"Gorin Gwaggo ba ya damuna," in ji Sitora. "Amma mamata ta roƙi gafara a kan abin da ban yi ba. Wannan ne kawai ya tsaya mini a wuya. Kada ka damu, zai wuce."

Ta ajiye tawul ta koma ciki. Kunyar da ta rufe Nekruz a lokacin ta fi wadda ya ji a gaban likita nesa ba kusa ba. Shekara guda yana fakewa a bayan mace yana kiran kansa maigida. Ya ɗaga kujerar motar ya ciro takardar.

Da ya koma ɗaki ya tarar ana gardamar lokacin tashi. Wurin wankan ɗaya ne, bi da bi ake shiga, in mata sun fito maza su shiga. Inna ta ce a tashi da asuba domin a riski layin mata na farko kafin ruwan ya cika da jama'a, shi kuma Nekruz ya jira su a mota, ya kuma kula da filas.

"Inna, layin maza za a riska."

"Layin maza? Ƙafarka ke ciwo?"

"Ni ne zan shiga, Inna. Ni ne ba na haihuwa."

Sitora ta ce, "Nekruz, don Allah..." amma ya riga ya durƙusa ya ajiye takardar a gaban mahaifiyarsa. Hawaye na bin gemunsa ya faɗi komai, tun daga maganar likita har ƙaryar da suka dawo da ita.

Gwaggo ta fara cewa ai likitocin birni ba abin da suka sani, a zuriyarsu ba a taɓa yin haka ba. Inna ta ɗaga mata hannu. Ba ta iya karatun takardar ba, amma ta san fuskar ɗanta. Ta juya ga surukarta.

"'Yar nan, kin sani?"

"Na sani, Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Ina gaya miki maganganun nan, kina zuba mini shayi?"

Sitora ta sunkuyar da kai ta ce mijinta ne, asirinsa nata ne.

Inna ta rufe fuska da gefen ɗankwalinta ta fashe da kuka. Da ta lafa ta ce wa Nekruz rashin haihuwa ba laifi ba ne, daga Allah yake, amma shirun da ya yi ya sa ta zalunci 'yar mutane, wannan kam shi da ita za su amsa. Nan take ta ce a kira mata mahaifiyar Sitora. A gaban kowa ta riƙe waya da hannu biyu tana roƙon gafara, tana cewa 'yarku lafiyarta ƙalau, mu ne ba mu san abin da Allah ya ba mu ba.

Ba a fasa tafiyar ba. Inna ta ce gwiwoyinta ma suna son ruwan zafi, maƙwabta kuma ita da kanta za ta yi musu bayani a hanya, tun kafin su ji a bakin wani. Washegari da aka isa, matan suka zauna a kan dutse suna karya gurasa, Nekruz ya rataya tawul ya bi layin maza. Wani direba abokinsa ya tsokane shi, ko tsufa ne ya kama shi tun yanzu? Ya ce a'a, haihuwa yake nema. Abokin ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah ya bayar. A watan da ya biyo baya ya koma Dushanbe ya fara shan magani, Inna ce ma ta haɗa masa guzuri.

Haihuwa tana hannun Allah, har yau suna jira. Amma haƙurin Sitora bai faɗi ƙasa banza ba, domin yanzu duk wanda ya taɓa ta a ƙauyen, da Inna Gulbegim zai yi. Ku kuma samari ku ji: lalura ba abin kunya ba ce. Abin kunya shi ne ka bar wadda take son ka ta sha zagin da ba nata ba, kana zaune kana kallo.