Kan Burtun Kurmin Paki

Da hantsi aka tarar an sare wa burtu kai. Burtun na itace ne, ɗaya daga namun dajin da Inuwa masassaƙi ya shekara tara yana fitarwa daga matattun kututture a bakin hanyar kurmin Paki.

Kofur Iliyasu, ɗan doka daga Ikara, ya iso kan kekensa yana ƙunƙuni, wai an taso shi saboda gungume. Yana shiga kurmin bakinsa ya mutu. Ga giwa tana fitowa daga jikin gawo, ga kada kwance, guza na gaske yana shan rana a gadon bayansa. Ya ce, "Subhanallahi!"

Tanko maharbi ya riga ya rantse wa dagaci ya ga Bobbo makiyayi a wurin da adda. Dagaci ya ba Bobbo kwana uku ya tashi da rugarsa, ga damina ta kankama, ga maruƙa sababbin haihuwa.

"Kai ka sare shi?" Iliyasu ya tambayi Bobbo.

"Ranka ya daɗe, ni tsoronsa ma nake. Nesa nake bi da shanuna."

Da ya tambayi tsohuwa Mairama mai itace, dariya ta yi. "Ɗan nan, in itacen girki nake so, zan bar gangar jiki in ɗauki kai?"

Iliyasu ya duba saran. An yi shi a tsanake, daidai gindin wuya. A bakin rafi kuma ga sawun gwiwa da tafin hannu cikin sawun barewa.

Washegari da sassafe ya laɓe a wurin. Barewa bakwai suka sauko shan ruwa, raɓa na ƙyalli a jikinsu, burtu huɗu na takawa tsakaninsu cikin ciyawa. Har ya manta abin da ya kawo shi, sai na huɗun ya yi tari.

Iliyasu ya ce, "Tashi, Tanko. Maƙiyi farfasawa yake yi. Mai ɗaukar kai da wuya kaɗai, mai rarrafe cikin barewa ba su gudu ba, maharbi ne da zai ɗaura shi a goshi."

Tanko ya kwance igiyar kan burtun daga goshinsa. "Shekara talatin ina farauta, ban taɓa jin numfashin barewa a fuskata ba sai da wannan. Wallahi na kasa harbi."

"Su ne ka kasa harbi. Bobbo kam ka harbe shi."

Da suka isa rugar, suka tarar Bobbo ya kwance bukka biyu. Da ya ji labari, sai ya zauna kan tulin karan ya fashe da kuka.