Mai Naɗe Laima a Boituva

A durƙushe Jussara take a zauren naɗi, tana fama da wata laimar dirowa daga jirgi wadda igiyoyinta suka cukurkuɗe, sai wani dogon saurayi ya tsaya mata a kai.

"Janye ƙafarka, ka taka min igiya," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Ya janye, amma bai tafi ba. Yana kallo ta zura yatsunta tsakanin igiyoyin, na gaba daban, na baya daban, na birki daban, tana bin su tun daga jaka har bakin ƙyallen. In ɗaya ta haye 'yar'uwarta sai ta koma ta sake daga fari.

"Ba kya gajiya?"

"Ina gajiya. Amma ran mutum ne a ciki."

A nan ta ɗago suka haɗa ido. Ya ce sunansa Odair, gyaran tarakta yake yi a garin Tatuí da ke kusa.

Tun daga ranar, duk Asabar sai ya zo mata da burodin cuku mai zafi. A filin dirowa na garin Boituva, inda take aiki, kuwa ba mai kawo wa Jussara komai. Wata takwas ke nan da wani malamin dirowa, Valdeci, ya mutu da laimar da ita ta naɗe. Masu bincike sun wanke ta, sun ce laimar ta buɗe lafiya, shi ne ya yi juyi dab da ƙasa. Duk da haka, wasu in sun ga ita ce a bakin aiki sai su miƙa wa wani jakarsu.

Da rana saƙonsa yakan shigo: "Ju tawa, kin ci abinci kuwa, ko yau ma kofi ne?"

Ita kuma ta mayar: "Na ci, bakanike. Ka wanke hannu kafin ka ɓata wayar nan."

Neide, abokiyar aikinta da ta daɗe tana yi wa Odair fari da ido, ita ta fasa maganar.

"Wai ba ki san ko wane ne ba? Ƙanen Valdeci ne. Kuskurenki ya zo kamawa."

Sai da Jussara ta gama naɗin da ke gabanta, ta rufe jaka, sannan ta ɗauki waya. Ta rubuta masa: "Kada ka ƙara zuwa."

Ya zo. A bakin zaure ta tare shi.

"Gaskiya ne," in ji shi. "Asabar uku ina jira in ga kin yi ganganci, ban gani ba. Ta huɗu, ke na zo gani."

"Da ka faɗa min."

"Da kin kore ni."

"Da na kore ka," ta ce, ta koma ciki.

Wata biyu ba ta amsa masa saƙo ko ɗaya ba. Ta rame, abinci ya fita ranta. Ranar da ta amsa, aure ya nema. Mahaifiyarsa, Dona Zulmira, ta ce muddin tana numfashi matar da ta kashe mata ɗa ba za ta taka gidanta ba.

Wata safiyar Talata, zaure ba kowa, sai ga tsohuwar da kanta cikin baƙaƙen kaya, rungume da wani buhu. Ta zazzage shi a gaban Jussara. Laimar Valdeci ce, yadda 'yan sanda suka mayar mata, igiyoyin a dunƙule, duk busasshen taɓo da jini.

"Ke kika naɗe ta. Warware ta in gani."

Jussara ta durƙusa. Awa biyu tana ciro igiya ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɗiga kan ƙyallen, tsohuwar tana tsaye ta ƙi kujera. Da ta gama ta miƙar da su reras a ƙasa.

"Dona Zulmira, ga su. Babu wadda ta tsinke, babu wadda aka ɗaura ba daidai ba. Waɗannan huɗun masu motar asibiti ne suka yanke da wuƙa."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonsu.

"Tun yana rarrafe Valdeci ba ya jin a ce masa ya yi a hankali," ta ce. "Na sani. Na fi so ne ya zama laifinki, don ke zan iya tsana. Shi ba zan iya ba."

A watan Disamba aka ɗaura auren a wata 'yar coci a Tatuí. Mutane ba su fi ashirin ba, daga filin dirowa mutum uku kaɗai suka zo. Dona Zulmira ba ta cire baƙaƙen kayanta ba, ba ta kuma yi murmushi ba. Amma da ango da amarya suka fito, ta tare su a bakin ƙofa, ta dafa kan Odair, sannan ta dafa na Jussara.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku tsawon rai. 'Yata, ku binne ni, kada in binne ku."

Jussara ta sunkuya ta sumbaci hannunta.

"Amin, Mama."