Farin da Gwaggo Shatu Ta Gani

"Wanke fuskarki, Bahijja."

Na dubi butar da Nuruddeen ya dire a gabana, na ɗago na dube shi. A zauren gidanmu na Roni, mutumin da danginsa suka kawo min lefe daga Kazaure kwanan nan ne yake ba ni wannan umarni, ko kunya babu.

"Ban gane ba."

"Haba zuciyata... Gwaggo Shatu ce ta gan ki a kasuwa. Wai fuska fara, wuya baƙi. Ta tara su Hajiyarmu ta ce bilicin kike yi, kuma in ba a tabbatar ba a ɗaga bikin."

Gwaggo Shatu fa, ƙanwar babansa, wadda man haɗi ya gasa wa kumatu, gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin. Yau ita ce mai wa'azin bilicin. Kowa ya san inda ke mata ciwo, 'yarta Shahida ta so ya aura.

Ni dai tun ina makaranta fuskata maiƙo take tsattsafowa, kafin azahar sai ka ce kaskon ƙosai. Ƙuraje kuwa wani na bajewa wani na tasowa. Ga aikina na koya wa mata noman gyaɗa, kullum ina kan acaɓa tsakanin Roni da Gwiwa, rana tana ƙara wa kowane tabo duhu. Likitar fata ce ta ce in nemi man kare rana, amma kada in saya sai na juya bayan robar na karanta abin da aka haɗa. In na ga man kwakwa ko man koko in ajiye, toshe fata suke yi. In an zuba turare in ajiye. Mai ruwa-ruwa zan nema, marar maiƙo, mai sinadarin zinki, lambarsa talatin ko sama. Na sha zagaya shagunan Kazaure kafin na dace. Aibinsa ɗaya, zinkin yana barin fari-fari a baƙar fata, kamar an ɗan barbaɗa toka.

Duk wannan na taɓa gaya masa a kan bencin nan, yana gyaɗa kai yana latsa waya.

Na zaro robar daga jakata na miƙa masa.

"Juya ka karanta. Ka nuna min na bilicin a ciki."

Ko karɓa bai yi ba.

"Ni ina na san waɗannan sunaye? Ki wanke kawai, masoyiya, a wuce wurin."

"Kai me ka ce musu da ta faɗa?"

Ya sosa ƙeya.

"Kin san manya... ba a musu da su. Na ce zan duba."

Zai duba. Sai ka ce akuya aka ce masa tana da ƙazuwa.

Na tsuguna na wanke, har da cuɗawa. Na ɗago da baƙar fatata da Allah Ya ba ni, da tabbanta, ruwa yana ɗiga a haɓata. Ina son shi, ba zan ɓoye ba. Jira nake ya ji nauyi, ya ce in yafe masa, da shi ke nan.

Sai ya washe baki.

"Alhamdulillahi. Wallahi har na ji sanyi." Ya zaro waya. "Ɗan matso wajen haske in ɗauka in tura wa Gwaggo."

A nan ya faɗi ƙasa warwas a idona.

"Ashe kai ma ka yarda da ita," na ce. "Duk zaryar da ka yi a zauren nan ba ka san launin fuskata ba, sai da buta."

"Ba haka ba ne, zuciyata, hoto ɗaya ne..."

"In gobe ta ce hanjina ne bai yi mata ba fa? Wuƙa za ka kawo?"

Na shige gida na bar shi da waya a hannu. Hawaye ya zo, na bar shi ya zuba, dama fuskar a jiƙe take. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Har ya tafi?"

"Yana can yana jiran hoto, Inna. Don Allah ki aika a kira Kawu Halliru. Akwatunan lefen nan yau za su koma Kazaure."