Mai Ɗori a Motar Zuru

"Kowa ya sauko, ya kwanta rub da ciki!"

Muryar Tamu ce, shugaban 'yan fashin. Da la'asar sakaliya shi da yaransa biyu suka gicciya itace a kwanar da ke tsakanin Jega da Maiyama, bas ɗin Zuru ta ci birki, ta tsaya. Ayuba ya ɗora wa direba bindiga a kunne. Almu ya fizge ƙofa. Fasinjoji suka zubo suna salati.

Mutum ɗaya ya rage a kujerar baya, ƙafarsa ɗaure da karare. Daga Aliero aka yo masa ɗori. Matarsa Gudiya, Badakkara, ta tare shi da jikinta.

"Bai iya tashi," in ji ta. "Ƙafa ta karye."

Almu ya damƙi wuyan rigarsa, ya jawo shi ƙasa. Kararen suka ɓalle. Mutumin ya kai hannu ƙarƙashin riga don ya dafe cinya. Tamu bai tsaya tambaya ba.

Tau!

Gudiya ba ta yi kuka ba. Ta cire mayafinta, ta rufe shi.

Suka kwashe abin da suka samu, suka hau babura, suka yanki daji. Kwana uku suna ɓoye a wata bukkar ajiye albasa da aka daina amfani da ita, bayan Katanga. Almu ya kasa cin abinci. Ko iska ta taɓa dannin bukkar, ƙarar kararen nan yake ji.

"Oga, mutumin nan babu komi hannunai," ya ce.

"Mi kaka so in yi? In tashe shi?" Tamu ya tofa yawu. "In zuciyarka ta mace, tahi noman gero."

A can kuma Sajan Jibrilla na 'yan sanda yana bin sawun taya ƙauye-ƙauye. Kowa ya tambaya sai ya ce bai ga komai ba. Rana ta huɗu ya dawo ofis a gajiye, ya tarar da wani mutum tsugune a bakin ƙofa.

"Ni na san inda suke," in ji Almu. "Amma ba ni na yi harbi ba."

Da azahar aka kewaye bukkar. Tamu ya fito a guje, yana harbi, harsashi ya same shi a ƙirji, ya faɗi cikin kunyar gona. Ayuba ya ɗaga hannu.

Almu ya zaci zai samu sassauci. Ranar shari'a aka kawo Gudiya daga tsaunukan garinsu, tafiyar yini guda. Aka tambaye ta wa ta gane.

Ta daɗe tana duban Almu da Ayuba.

"Wanda ya harba ban ga fuskarsa ba," ta ce, sannan ta nuna Almu. "Wannan na sani. Na roƙe shi, ya ji ni, bai fasa ba."

Aka yanke wa su biyun hukunci ɗaya. Da aka fito da shi, Almu ya nemi a bar shi ya yi mata magana, ko kalma ɗaya. Aka ce ta riga ta tafi tasha, tana so ta isa gida kafin a gama girbin dawa, don yanzu ita kaɗai ce a gonar.