Tsohuwa da Dawakan Jeji Uku

Can a wani zamani, mafarauta suka kamo dawakan jeji uku za su kai wa mahauta. Wata tsohuwa mai saƙa ta gan su, tausayi ya kama ta. Ta ba da duk zannuwan da ta saƙa, ta karɓi dawakan.

Dawakan suka ƙi a hau su, suka ƙi a ɗora musu kaya. Ci ne kawai ba su ƙi ba. Tsohuwa ta yi ta saƙa tana sayo musu harawa.

Maƙwabcinta ya ce, "Inna, wai me dawakan nan suke yi miki?"

Ta ce, "Numfashi suke yi, ɗana."

Washegari ta tarar da damin harawa a ƙofarta, ga maƙwabcin can yana tafiya kamar ba shi ya ajiye ba.