Gashin Alade a Obin ɗin Rayfield

A kasuwar Farin Gada suka haɗu. Wata budurwa mai suna Ana ta zagaye rumfuna tana neman ganyen rosmeri, kowa sai ya miƙo mata na'ana'a. Chuwang, mai sayar da kayan lambun da yake nomawa a Vom, shi ne ya sunkuya ya zaro mata ɗauri guda.

"Me za a dafa da shi, 'yan mata?"

"Gashin alade irin na Italiya. A makarantar girki aka koya mana."

Tun ranar ya laƙaba mata 'Yar Italiya, ita kuma ta ce masa Mai Karas. Kafin damina ta fita, soyayya ta yi musu mugun kamu.

Sai dai Baban Ana ya kafe. Shi Natana'el yake so, ɗan aminiyar Mamanta, mai mota da gida a Rayfield. Da ƙyar Mama ta shawo kansa ya yarda Chuwang ya zo cin abinci ranar Lahadi, sau ɗaya, a gan shi.

Ranar, bayan an taso daga coci, Chuwang yana cikin keke sai ya hango Ana a gaban motar Natana'el, rungume da babban tire. Ganyen rosmerinsa ne ma yake leƙowa. Motar ta miƙe hanyar Rayfield. Kishi ya turnuƙe shi, ya rubuta mata:

"Kayan lambuna, girkin wani. Ki gaishe shi. Allah ya sa ya ƙoshi."

Amsa ta zo: "Mai Karas, hannuna duk man zaitun ne. Ƙarfe biyar. In ba ka zo ba, Baba ya samu abin da yake nema."

Bawan Allah ya sa riga ya cire, ya sake sawa. Ya dai je, fuska a murtuke.

Ga naman an tsattsaga shi, an cusa tafarnuwa da rosmeri, fatar ta yi ja ta ƙame. Dankali, karas da albasa sun sha romo a gefe. Ga kuma Natana'el a zaune, yana yabon girki. Chuwang ya kasa kai loma.

"Ɗana, ba ka ci," in ji Mama.

"Mama, na ga ba don ni aka yi ba. A Rayfield aka gasa."

Mama ta riƙe haɓa. "Au, abin da ya kumbura ka ke nan? Alade ba ya shiga obin ɗina. Maƙwabciyata Maman Fiddausi a nan take gasa kek ɗin Sallah, tun muna amare. Zan ɓata mata ne? Ni na tura Ana gidan uwar Natana'el."

Ana ta harare shi, idonta ya ciko. "Na yini a gaban wuta saboda kai, ka ce in gaishe shi?"

Kunya ta rufe Chuwang. Ya yi ƙasa da murya. "Ki yafe mini, 'Yar Italiya. Son ki ne ya yi mini yawa." Amma kishin bai gama sakin sa ba, sai ya juya ga Baba. "Baba, a ba ni izini in gina tanderun ƙasa a bayan gida. Kada ta ƙara zuwa Rayfield."

Natana'el ya ajiye cokali. Baba ya dubi 'yarsa, ya ga tana share hawaye tana murmushi, kuma ba wajen mai mota take kallo ba. Ya daɗe yana tauna.

"Bayan gidana babu fili," ya ce. "Ka gina a naka. Ka turo manyanka."

A watan Disamba aka ɗaura aure. Maman Fiddausi ce ta yi kek ɗin biki, ta rungume amarya tana cewa, "Allah ya ba da zaman lafiya, ya rage wa ango kishi."

Ana ta ce amin sau biyu.