Saƙon Gwajin Da Ya Kai Fadama

Ranar da Munira ta fara ganin Tasi'u, gyara ta yi masa, kuma a gaban jama'a.

Daga Anka ya zo nuna wa ƙungiyar manoman shinkafa ta Gummi manhajar da ya gina musu. Shafi ne da ake buɗewa a intanet, ko a kwamfuta ko a waya, ba sai an sauke komai ba. Manomi zai ga farashin buhu, ya ji ko ruwan gulbi ya ƙaru, shugaba kuma ya aika wa kowa sanarwa da murya a lokaci guda. A kwamfutarsa abin gwanin sha'awa.

Munira 'yar shugaban ƙungiyar ce, Alhaji Dabo, kuma ita ma ilimin kwamfuta ta karanta. Ta buɗe shafin a tsohuwar wayar babanta, ta ɗaga hannu.

"Malam, a nan maɓallin sauraro ya ɓuya bayan hoto. Ko da kwamfuta manomanmu za su riƙa shiga fadama?"

Aka fashe da dariya. Tasi'u ya karɓi wayar ya duba, ya sosa ƙeya.

"Gaskiyarki ce. Za ki taya ni gyarawa?"

Ta zaci zai fusata. Murmushin da ya yi ne ya bi ta har gida.

Suka fara aiki tare, shi a Anka ita a Gummi. Ita ta rage nauyin hotuna, ta faɗaɗa maɓallai yadda yatsa mai laka zai iya dannawa. Shi kuma ya sa shafin ya riƙa ajiye saƙo in netwok ya ɗauke, ya aika in ya dawo. Da farko hirarsu ba ta wuce aiki, sai kuma ta fara wucewa.

"Injiniyata, na gyara abin da kika ce. Saura wata matsala: kullum na buɗe kwamfuta ke nake tunawa."

"Wannan ba matsalar manhaja ba ce. Ka kawo ta zauren Baba."

Ya kawo. Alhaji Dabo ya karɓe shi da mutunci, amma da ya tafi ya kira 'yarsa.

"Yaron ga shina da ladabi. Amma zama gaban allo shi na sana'a? Ban ga gonatai ba, ban ga shagonai ba. Ga Lirwanu mai sayen zinari, kowa ya san abin da shika yi. Ba ni tilasta miki shi, amma wanga kam ban yarda ba."

Mahaifiyarta, Inna Hawwa'u, ba ta ƙaunar harkar zinari tun abin da gubar dalma ta wajen haƙarsa ta yi wa 'ya'yan danginta a Bagega, sai dai ta san mijinta, in ya kafe sai a hankali. Munira kuwa haƙuri ba ya cikin halayenta. Ta sha kuka, ta daina cin abincin kirki, sannan ta rubuta wa Tasi'u:

"Mu kai magana wurin Kawu a Bukkuyum. Yayan Baba ne, in ya ce a yi, Baba ba ya iya musa masa."

Manhajar iri biyu ce a hannun Tasi'u. Akwai ta gwaji, wadda wayar Munira kaɗai ke ciki, akwai ta gaske mai ɗauke da duk 'yan ƙungiya. Kamarsu ɗaya sak. Washegari da safe yana son gwada sanarwar murya, sai ya ga bari ya ba ta amsa ta nan.

Munira tana shara wayarta ta yi ƙara. Ta danna, sai ta ji muryar Tasi'u tana fitowa ta wuri biyu, a hannunta da kuma madafa, inda Inna ke dama kunu.

"Gwaji, gwaji. Munirata, in kin ji wannan, to murya tana tafiya ko da netwok sanda ɗaya ne. Maganar Kawu kuma, ki yi haƙuri, ba zan iya ba. Baba ne ya haife ki, ba zan zagaya ta bayansa in sa a tanƙwara shi ba. In jira ne zan jira. In ya ce a'a har abada zan yi kuka, amma ba zan raina shi ba. Don Allah ki ci abinci."

Tsintsiya ta faɗi daga hannunta. Inna ta leƙo da ludayi.

"Ke, mi ya kawo masoyinki cikin wayata?"

Munira ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Lokacin dashe ne, kowa yana fadama da wayarsa a aljihu, kuma aikin da suka yi ya yi kyau, saƙon bai bar kowa ba. Ta riga ta saddaƙar cewa magana ta mutu.

Alhaji Dabo ya dawo da laka har gwiwa, fuska a murtuke. Tun daga gona abokansa ke tambayarsa ko yarinya ta ci abinci. Kawu ma, da yake ɗan ƙungiya ne, ya bugo daga Bukkuyum yana son jin wace magana ce za a kawo masa.

"A kira mini Tasi'u," in ji Alhaji.

Tasi'u ya iso da la'asar, ya durƙusa a zaure. Munira ta laɓe bayan ƙofa.

"Ka san kowa zai ji?"

"Wallahi ban sani ba, Baba. Na ɗauka a ta gwaji nake. Na kunyata ka, na kunyata ta. Ka yafe mini."

Alhaji ya dube shi.

"Da ka san ana jin ka, sai in ce wayo na. Amma kana zaton ba ni nan, ɗiyata da kanta ta nuna maka hanyar da za a bi a kada ni, kai kac ce a'a." Ya gyara murya. "Sana'ar taka kuma na gan ta yau, hal Bukkuyum ta kai. Bayan girbi ka turo magabatanka."

Ya ɗaga murya wajen ƙofa. "Ke kuma mai kai ƙara, na ga ƙahwarki. Tahi ki ba ni wuri."

Ta ruga ciki tana dariya tana hawaye, ta faɗa jikin Inna.

Washegari abin da ta fara yi shi ne mayar da manhajar gwajin ja jawur, yadda ko da ido ɗaya mutum ba zai sake ruɗewa ba.

Da aka kai shinkafa rumbu aka ɗaura aure, Kawu ne waliyyi. Kafin a tafi da amarya Anka, Alhaji Dabo ya dafa kanta.

"Tahi, ɗiyata. Wanda yak kiyaye girmana ba ni wurin, zai kiyaye naki. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zaman lahiya."

Tasi'u, da ke durƙushe a gefe, ya riga kowa cewa amin.